Amsa: Daga ina kalmar dorter ta samo asali?

Malam, ka tambayi ma'anar dorter da ka gani a tarihin gidajen sufayen Kirista na Ingila, to ai ba wani abu ba ne illa ɗakin kwanansu. Asalinta Latin ne, dormire wato yin barci, daga nan aka samu dormitorium, ta biyo ta Faransanci ta zama dortoir sannan Turawan Ingila suka maida ita dorter. Ita ce dai dormitory ɗin da muka kwana a makarantar kwana, har gadajen a jere haka suke.

Dokar da Benedict, wani waliyyin Kirista, ya rubuta wa sufaye a ƙarni na 6 ce ta tsara abin, kowa da gadonsa amma ɗaki ɗaya, fitila na ci har asuba, a kwanta da kaya a jiki da ɗamara, sai dai banda wuƙa a ƙugu kada mutum ya yanke kansa cikin barci. Wannan na wuƙar ya ban dariya wallahi.

Kalmar cell kuma daban ce da dorter, daga Latin cella, ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya. Bayan gidansu ma reredorter suke ce masa, don a bayan ɗakin kwanan ake gina shi.