Ɗana ya kamu da tiramol: in kai shi gidan mari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a ƙasar Zurmi, muka koma Gusau. Ɗana mai shekara 17 yana dako a kasuwa, ya fara shan tiramol wai don ya ji ƙarfi, yanzu in bai sha ba sai jikinsa ya kama rawa. Kawunnansa sun ce a kai shi gidan mari ko in sallama shi, likita kuma ya ce sai an rage masa a hankali. Wanne ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Shan ƙwayar don maye ko neman ƙarfi haramun ne. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Muslim ya ruwaito.

Sallamawa kuwa, ki cire ta daga ranki. A Buhari, an sha kawo wani sahabi saboda giya, har wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Ya kuma hana iyaye yi wa 'ya'yansu mugun baki, kada a dace da lokacin amsawa. Yaron da ya ga an ƙone garinsu, in kika kore shi, dillalan ƙwaya ne za su karɓe shi, ko mutanen daji.

Mari da duka ba su halatta ba. Babu hadisin da ya sanya sarƙa magani, haddi kuma aikin alƙali ne, ba na kawu ba. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019.

Maganar likita ita ce abin bi. Jikin da ya saba, yankewa kwatsam na jawo ciwon gaɓoɓi, zufa da rashin barci, sai yaro ya koma da gudu. Abin da likita ya ƙayyade don yayewa magani ne, lalura ta halatta shi gwargwadonta, da sharaɗin ya fito daga asibiti, ya zauna a hannunki. In abin ya yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato.

Kawunnan, tunda sun damu, su haɗa kuɗin mota da na magani, su sama masa aikin da bai kai dako wahala ba. Shi kuma a jawo shi sallar jam'i ko da bai daina ba tukuna.

Wallahu a'alam.