Gyara sunaye kahin ka zana komai

Ka tambaye ni wace manhaja ta fi wurin zana taswirar wallafe-wallafen malamai. Ɗana, ɗauki VOSviewer, kyauta ce, mutanen jami'ar Leiden ta Holan sunka yi ta. Yadda ake sauke fayil daga Scopus, rumbun bayanan wallafe-wallafen bincike da ke intanet, a zuba mata kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanga ko ɗan sakandare ya iya.

Abin da ya kai ni ƙasa suna ne. Wata tsangaya ta nemi laburarenmu ya fitar mata da taswirar wa ya rubuta da wa, za su nuna ma baƙi. Kwana goma sha biyu ina kai, cikin zafin Afrilu na Sakkwato, data da man janareta duk daga aljihuna, sai bayan isha'i nike komawa gida. Ranar taro anka haska a bango, ɗigo-ɗigo kore da ja, kowane ɗigo malami guda, girmansa gwargwadon yawan takardunsa, kowa na yabo, sai wani farfesa ya miƙe yana neman kansa. Ashe mutum guda ya rabu uku, nan Muhammad, can Mohammed, can kuma harafin M kaɗai, ɗigonsa kowane ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ga wani ƙaramin lakcara da anka haɗe mai takardun mai suna irin nasa ya zama ƙaton ƙwallo tsakiya. Gaban baƙi farfesan ya ce laburare ya ci mutuncinsa. Anka karɓe aikin anka ba wani na waje, shi kuwa fayil ɗina ya ɗauka ya gyara sunaye ya amshi kuɗin, ni ko na data ban gani ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu launi kuke bi, a danna a ɗora a WhatsApp. VOSviewer na karɓar fayil ɗin tesoros, nan kake haɗa rubutun suna daban-daban su koma guda, kuma da ido ake bi, layi-layi. Ka matsa ma kowane malami ya buɗe ORCID, lambar shaidar da ke bambanta mai bincike da masu suna irin nasa, tun 2012 ake bada ta, lamba 16 ce kuma kyauta. Ka kuma rubuta ƙasan taswira cewa Scopus kaɗai ka duba, don mujallunmu na gida da yawa suna AJOL, shafin mujallun binciken Afirka, amma ba su cikin Scopus.

Kawo min fayil ɗinka gobe bayan azahar, kada ka sa launi ko ɗaya sai na gani.