Amsa ga ɗan ƙanwata kan tsohon asibitin Dimashƙu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malaminku zai kai ku Bimaristan na Nuruddin, wato tsohon asibitin nan na Dimashƙu, kana tambaya ko ana tuɓe takalmi, ko a yi addu'a kamar a maƙabarta tunda mutane sun rasu a ciki, kuma ko ɗaukar hoto rashin ladabi ne.

Ba masallaci ba ne, ba kushewa ba ce. Bar takalminka a ƙafa. Hoto kuwa, tambayi mai gadi. Amma ni da na je, shigar mai dubiya na yi: sallama a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Haka nake so ka yi.

Sarki Nuruddin Zanki ya gina shi a 1154, ya yi masa waƙafi, wato dukiyar da aka tsare don ta riƙa ciyar da wurin. Shi ya sa talaka ke kwanciya a ba shi magani da abinci, ba a ce masa kawo sisi ba. Matafiyin nan Ibn Jubair ya ratsa garin a 1184, ya tarar ana rubuta sunayen majinyata da abin da ake kashe musu, likitoci kuma na zagayawa kowace safiya. Ya kuma ambaci masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa, kada ka ɗauka komai zuma ne. A nan Ibn Nafis ya koyi likitanci, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu.

Daga kasuwar Hamidiyya ba nisa. Kafin ka shiga, ɗaga kai ka dubi saman ƙofa, ado ne kamar saƙar zuma. A ciki akwai tsakar gida da tafkin ruwa, da rumfuna huɗu suna fuskantarsa. Yanzu gidan tarihi ne, kayan fiɗa da kwalaben magani ne jere bayan gilashi, kowa can yake rugawa. Ni dai bakin ruwan na zauna, hayaniyar kasuwa ta ɗauke ɗif, na tuna kakarku da ba ta zuwa dubiya hannu rabbana, ko kunu ne sai ta dama.

In zuciyarka ta motsa, nema wa waɗanda suka kwanta a wurin gafara a ranka, ba sai ka tara jama'a ba. Ka turo mini hoton ƙofar in an bari, nawa ya ɓace tun tashinmu daga tsohon gida. Ka gaishe da malamin naku.