Ƙauyen da Ke Hutar da Gonakinsa Shekara Guda Cur

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. A majalisarmu wani ya ce akwai ƙauyen Yahudawa manoma da ba sa shuka komai a kowace shekara ta bakwai. Shin gaskiya ne, kuma mene ne asalin ƙauyen? Daga wani manomi a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, kuma ƙauyen da ya fi shahara da wannan shi ne Komemiyut, a kudancin Isra'ila kusa da garin Kiryat Gat. An kafa shi a 1950 a kan filayen ƙauyen Falasɗinawa mai suna Karatiyya, wanda mutanensa suka rasa muhallinsu a yaƙin 1948. Waɗanda suka kafa shi Yahudawa ne masu tsananin riƙo da addini, 'yan ƙungiyar Agudat Isra'ila, kuma sun bi tsarin da ake kira moshab, inda kowane gida yake da gonarsa amma ake haɗa kai wajen sayen kayan aiki da sayar da amfani.

Hutar da gonar umarni ne da ke cikin Attaura, a Littafin Firistoci babi na 25 da Littafin Fitowa babi na 23: a noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai kuwa babu huɗa, babu shuka, abin da ya tsiro da kansa kuma mai gona da talaka da dabba duk suna da haƙƙi a cikinsa. Ba irin saurar da muka sani ba ce, wadda manomi ke bari saboda ƙasa ta gaji. Ibada ce mai ƙayyadadden lokaci, ko da gonar tana kan ganiyarta.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu malamansu suka ba da fatawar a sayar da gona ga wanda ba Bayahude ba na shekarar kaɗai, don a ci gaba da noma. Malamin Komemiyut na farko, Binyamin Mendelson, ya ƙi wannan hila, kuma a ganina nan ne ƙauyen ya bambanta da sauran, domin manomin da ya haƙura da shukar shekara guda ya san abin da ya sadaukar. Asusun taimako da masu ra'ayinsu ke tarawa shi ke tallafa wa irin waɗannan manoma. Shekarar hutu ta baya-bayan nan ta kama daga 2021 zuwa 2022, mai zuwa kuma za ta fara a 2028.