Tambaya da Amsa: Roƙo a Cikin Addu'ar Kirista

Tambaya: Salama a gare ku malamai. An ba ni koyarwa a kan roƙo a taron Zumuntar Mata. Shin roƙo da addu'a ba abu ɗaya ba ne? Daga wata mahaifiya a Kafanchan.

Amsa: Mama, salama ta tabbata gare ki. Addu'a ita ce dukan zancen da mai bi ke yi da Allah, har da yabo da godiya da furta zunubi. Roƙo sashe ne a cikinta, wato inda mutum ke ambaton bukatarsa, ya nemi Allah ya biya. A Filibiyawa 4:6 Bulus ya ce a bar damuwa, a sanar da Allah bukatu ta wurin addu'a da roƙo, haɗe da godiya.

Ki ɗora koyarwarki a kan Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13), don bayan kiran Uba, roƙo ne ke bin roƙo. Katolika da Lutheran suna ƙirga bakwai, waɗansu ikilisiyoyi kuma shida, saboda sun haɗa biyun ƙarshe wuri guda. Ukun farko na Allah ne: a tsarkake sunansa, mulkinsa ya zo, a aikata nufinsa. Daga nan sai namu: abincin yau, gafara, tsari daga gwaji, ceto daga Mugun. Ki nuna wa mata cewa abincin yini guda aka ce a roƙa, kuma "ba mu" aka ce, don haka maƙwabciyar da ba ta ɗora tukunya ba tana cikin roƙonki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne roƙo a dunƙule. Makaho Bartimawas yana ta kiran a ji tausayinsa a bakin hanyar Yariko, amma sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so, ya ce yana so ya gani (Markus 10:51). Sarki Hezekiya ya ɗauki wasiƙar barazana ta Assuriyawa, ya hau Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. In kuɗin makaranta ne ya tsaya, a faɗi sunan yaron, da adadin kuɗin, da ranar da za a kore shi. Wanda ya roƙa "albarka" kawai, ranar da amsa ta zo ba zai gane ta ba, balle ya gode.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Shekara tara ke nan da aurenmu, ba haihuwa. Mun yi azumi, mun kwana addu'a. Wani mai wa'azi ya ce rashin bangaskiyar matata ne, sai mun kawo kuɗi ya buɗe mana hanya. Ba Yesu ya ce ku roƙa za a ba ku ba? Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa, mun ji nauyin abin da kuke ɗauke da shi. Yesu ya faɗi haka a Matiyu 7:7, kuma gaskiya ne. Sai dai ka ci gaba da karantawa har aya ta 11, inda ya ce Uba yana ba da abubuwa masu kyau ga masu roƙonsa, kamar yadda uba ba ya miƙa wa ɗansa dutse in ya nemi gurasa. Ka haɗa da 1 Yahaya 5:14, wadda ta ce yana jinmu in muka roƙa bisa ga nufinsa. Alkawarin na Uba ne mai sanin abin da ya dace da lokacin da ya dace.

Littafi Mai Tsarki ya ambaci abubuwan da ke tare roƙo, kuma ya kamata kowa ya bincika kansa: roƙo da mugun nufi don biyan sha'awa (Yakubu 4:3), zuciya biyu (Yakubu 1:6-8), riƙe mutum a zuci ba yafewa (Markus 11:25), zunubin da ake ɓoyewa (Zabura 66:18). Akwai ɗaya da ya shafi maza kai tsaye, 1 Bitrus 3:7: mijin da ba ya girmama matarsa, addu'arsa takan sami cikas.

In kun duba ba ku ga ko ɗaya ba, kada ku yarda a ɗora muku laifin da Allah bai ɗora ba. Luka ya shaida cewa Zakariya da Alisabatu adalai ne a gaban Allah, amma har suka tsufa ba ɗa. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ya yi ta roƙo dominta, tagwayen ba su zo ba sai yana da 60. Ka lura miji ne ya tsaya ya roƙa wa matarsa. Akwai ma waɗanda aka ce musu a'a. Musa ya roƙa ya haye Kogin Urdun, aka hana shi. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa wuya ga nufin Uba, ya kuma sha shi. Wa zai ce waɗannan ba su da bangaskiya?

Batun kuɗi kuwa, kada ku ba da ko sisi. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Ku tafi asibiti ku biyu, a gwada ka, a gwada ta, don matsalar takan fito daga ɓangaren namiji ma. Neman magani ba ya rushe roƙo: ranar da aka ƙara wa Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun da ya kwantar da shi.

Tambaya: In Allah ya riga ya san bukatata, maimaita roƙo kullum ba shi ne surutun da Yesu ya hana ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yarmu, abin da ya hana a Matiyu 6:7 shi ne tara kalmomi da zaton yawansu ne zai sa a ji mutum. Naci dabam ne, kuma shi ya koyar da shi: gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta (Luka 18), da mutumin da ya buga ƙofar abokinsa da tsakar dare yana neman gurasa uku (Luka 11). Ki sami ƙaramin littafi, ki rubuta kowane roƙo da kwanan wata, ki bar fili a gefe don amsa. Ƙarshen wata ki duba: wanda aka biya ki yi godiya, wanda kika ga son zuciya ne ki soke shi, sauran ki ci gaba da kai su. Ranar da baki ya kasa furta komai, ki buɗe Zabura 13 ko 86 ki karanta da murya, ki sa sunan damuwarki a inda Dawuda ya sa tasa.