Shin Akwai Gwajin da Ke Auna Asid ɗin Ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na daɗe ina fama da ƙwannafi, musamman idan na kwanta da dare, har nakan ji ruwa mai tsami yana taso mini zuwa maƙogwaro. Na sha omefrazol, maganin rage asid ɗin ciki, wata biyu na samu sauƙi, amma da na daina sai abin ya dawo. Na ji ana cewa idan aka sha bekin soda a ruwa aka jira gyatsa za a gane yawan asid ɗin ciki. Shin gaskiya ne, kuma wane gwaji ya kamata in nema? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Maganar bekin soda ba ta da tushe a likitance, domin iskar da mutum ya haɗiya ma tana kawo gyatsa, saboda haka kada ki dogara da ita.

Yawancin masu ƙwannafi ba yawan asid ne ke damunsu ba. Ciki dama mazaunin asid ne, ma'auninsa na pH (awon tsami, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin asid) yakan kasance tsakanin 1.5 da 3.5, kuma bangonsa yana da kariya. Matsalar tana ga tsokar da ke rufe ƙasan bututun abinci, wadda takan saki a lokacin da bai dace ba, sai asid ya hau zuwa inda babu irin wannan kariyar. Shi ya sa likita ya fi damuwa da inda asid yake kaiwa fiye da yawansa.

Tunda ciwon ya dawo bayan kin kammala makonni 8 na magani, abin da ake fara yi shi ne leƙa ciki da siririyar na'ura mai kyamara ta baki, wadda ke nuna kumburi, gyambo, tsukewar bututun abinci, ko canjin fatarsa. Sai dai mutane da yawa masu ƙwannafi na gaske sukan fito ba a ga komai ba, kuma hakan ba ya nufin lafiya lau suke.

A nan ne gwajin pH na awa 24 yake da amfani. Ana zura siririn bututu ta hanci, a tsayar da bakinsa santimita 5 a saman waccan tsoka, ki koma gida ki ci ki kwanta yadda kika saba, kina danna maɓalli duk lokacin da kika ji zafin. Na'urar tana lissafa lokacin da pH ya sauka ƙasa da 4. Idan wannan lokacin ya wuce kashi 6 cikin ɗari na yinin an tabbatar da cutar hawan asid, idan kuma bai kai kashi 4 ba akwai buƙatar neman wani dalilin. Akwai kuma ƙaramin kafso marar waya da ake maƙalawa a bututun abinci, wanda ke aiki awa 48 zuwa 96 kafin ya faɗi da kansa. Galibi ana dakatar da omefrazol kwana 7 kafin gwajin, amma da umarnin likita.

Idan akwai ciwo a saman ciki, a duba ƙwayar cutar H. pylori, mai haddasa gyambon ciki, ta numfashi ko ta bahaya, domin gwajin jini ba ya bambanta tsohon kamu da sabo. Shi kuwa auna gastirin, sinadarin da ke sa ciki ya fitar da asid, a jini, sai ana zargin wata cuta da ba kasafai ake samu ba ake yin sa.

Ina roƙonki kada ki jira komai, ki je asibiti idan abinci ya fara maƙale miki, ko kina rama ba dalili, ko kika yi aman jini ko baƙin bahaya. Haka kuma ciwon ƙirji mai zuwa da gumi ko sarƙewar numfashi, zuciya ake fara dubawa a ranar, kafin a yi zancen asid.