Kwamfutarka na mutuwa da ka fara gem? Duba fawa tukuna

Malam, ka ce kana Kofar Kaura, kwamfutarka lafiya lau in kana birawuzin amma da ka shiga gem sai ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta. Wallahi ni fawa sufulai nake zargi, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, don kat ɗin girafik, mai sarrafa hoto, sai gem ya yi nauyi yake jan wuta sosai, in fawar ta gaza sai ta yanke kawai ba wani shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta samu matsala. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanan matsaloli, in ka ga Kernel-Power 41 to alama ce kwamfutar ta mutu ba zato ba tsammani, amma wannan kaɗai ba hujja ba ce cewa fawar ce. Fara duba zafi da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka san zafin Katsina da ƙura, fanka na toshewa. In zafi daidai ne sa mitar auna wuta a layin volt 12 na fawar, kada ya sauka ƙasa da 11.4 lokacin gem. Kuma duba watt ɗin fawar, kat ɗin girafik irin RTX 3070 ma fawa mai watt 650 ake so. Wutar janareta kuma sai da situbilaiza. Mafi sauƙi dai ka ari fawar aboki ka gwada. Don Allah kar ka buɗe cikin fawar, tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket.